Kwana Arba'in da Tara na Baba Tomiko

Shekara biyu Zinatu ta yi tana hawa benen nan mai matattakala goma sha takwas, safe da yamma, kafin Shigeru ya rasu. Aikinta ke nan, kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, sauya shimfiɗa, wata rana ma hira kawai. 'Yar Zariya ce, ta haura hamsin, shekararta ashirin da uku a Landan. Suna zaune a wani council flat, gidan haya na hukuma, a Camberwell ita da mijinta Rufa'i, direban bas. Daga nan zuwa gidan su Shigeru tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Shigeru da matarsa Tomiko mutanen Japan ne. Tun suna da jini a jika suka zo Ingila, shi yana gyaran agogo, ita tana ɗinki, suka haifi 'ya ɗaya tilo, Emi, wadda aure ya kai Leeds. Da Turanci suke magana da Zinatu, kowa da irin karyewar harshensa. Ranar farko ta kira tsohuwar da Baba, kamar yadda ake kiran kowace dattijuwa a garinsu, sai Tomiko ta tuntsure da dariya har da riƙe ciki. Ashe a yarensu kalmar zagin tsohuwa ce. Kunya ta kama Zinatu kamar ta nutse, amma Tomiko ta ce kada ta kuskura ta canza. Suna ya zauna.

Abu biyu ne a falon gidan da Zinatu ta daɗe tana kauce musu da ido. Na farko wani katako ne da aka kafa can sama kusa da silin, da ɗan mitsitsin gida na itace a kansa, da koren ganye a kwalabe biyu farare. Kowace safiya Tomiko takan taka 'yar kujera ta ajiye shinkafa da gishiri da ruwa, ta sauko ta rusuna sau biyu, ta tafa hannu sau biyu, ta sake rusunawa. Na biyun baƙin kabad ne mai ƙofa biyu, cikinsa ruwan zinariya, da mutum-mutumin Budda a zaune, da 'yar ƙararrawa, da wasu ƙananan alluna masu ɗauke da sunayen iyayensu da suka rasu.

"Na sama na masu rai ne," in ji Tomiko wata rana, da ta lura da kallon da Zinatu ke sata. "Shinto muke ce masa. Masu zama a duwatsu da koguna da manyan itatuwa, su ake kai wa jariri, su ake roƙo shekara ta yi kyau. Na ƙasa kuma na Budda ne, nan matattunmu suke. A hannun wancan ake haifarmu, a hannun wannan muke mutuwa."

"Biyu a lokaci ɗaya, Baba? Ba sa faɗa?"

"Sun fi shekara dubu a gida ɗaya, ban ji labarin sun yi ba."

Zinatu ta yi istigfari a zuciyarta ta ci gaba da ninke tawul. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ita ma in lokacin salla ya riske ta a gidan, Tomiko ce ke rage ƙarar rediyo, ta kuma ware mata wani tawul mai tsabta da ba a taɓa shi sai don sallarta.

Da safiyar da Shigeru ya cika, bayan masu ɗaukar gawa sun tafi, Tomiko ta miƙo mata farar takarda da ɗanko.

"Ki hau ki rufe mini na saman. Mutuwa ta shigo gidan, kuma su ba sa son ganin mutuwa. Ɗan gida ba ya rufewa, sai baƙo."

Zinatu ta tsaya da takardar a hannu. "Ba sai na faɗi wani abu ba? Ba rusunawa?"

"Rufewa kawai."

Ta hau ta manna, ta sauko. Da ta ba Rufa'i labari da yamma, yana jiƙa burodi a shayi ya ce, "To ai ke rufe shi kika yi, Maman Affan. Ban ga laifi ba. Amma ki san iyakarki a gidan nan."

"Na sani, Malam."

An ƙona gawar kamar yadda suke yi, aka kawo tokar a cikin farin tulu aka ajiye a gaban baƙin kabad, da hoton mamacin da wani farin allo na itace mai ɗauke da sabon sunan da malaminsu ya raɗa masa. Emi ta zo ta yi kwana huɗu ta koma wurin aiki da 'ya'yanta. Kamfanin da Zinatu ke yi wa aiki ya mayar da ita kan kula da tsohuwar, sau ɗaya a rana.

A nan ta ji zancen kwana arba'in da tara. Tomiko ta ce mamaci ba ya isa nan take. Tafiya yake yi, duk bayan kwana bakwai a tsayar da shi a duba aikinsa, sai a tsayawa ta bakwai za a san makomarsa. Kafin nan dole na gida su riƙa ajiye masa abinci da ruwa, su kunna turare, don kada ya yi tafiyar shi kaɗai. Ranar ƙarshe malami zai zo ya yi karatu, a ɗauke farin allon a sa baƙi mai ƙyalli, ya shiga cikin kabad tare da magabata. Ta rataye kalanda a ƙofar kicin tana soke kwanakin da jan biro.

Kwana talatin da ɗaya ta soke. A na talatin da biyu santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Zinatu ce ta same ta a ƙasa, ta kira motar asibiti, ta bi su har aka shiga da ita tiyata.

Aikin ya yi kyau, in ji likitoci. Tsohuwar ce dai ta ƙi tashi. Da Zinatu ta je duba ta bayan kwana biyar, sai Sista Lovelyn, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, wata 'yar Inugu mai yawan fara'a, ta ja ta gefe.

"Mutuniyarki ba ta cin abinci. Masu gashin ƙashi sun zo sau uku ta juya musu baya. In ta ci gaba da haka, ƙafar nan ba za ta sake taka ƙasa ba."

Tomiko ta rame, idanunta sun faɗa. Tana ganin Zinatu ta kamo hannunta ta danna mata makullin gida a tafi.

"Kwana shida ba wanda ya ba shi ko ruwa. Ki je ki dafa shinkafa, ki sa cokali ɗaya a ɗan kwanon tagulla, ki kunna turare ɗaya, ki kaɗa ƙararrawa. Ba zai ɗauke ki minti biyar ba."

 Zinatu ta san wata rana za a zo nan. Ta dubi makullin, ta dubi matar da ke ware mata tawul na salla, ta ce a hankali, "Baba, komai kika ce in yi miki zan yi. Zan share gidan, in goge hotonsa, in sauya ruwan furanni. Amma wannan bauta ce, kuma ni ba na yi wa kowa sai Allah. Ba zan iya ba."

 Tomiko ta saki hannunta, ta juya fuskarta ga bango.

Har ta isa gida abin yana cin ta. Ba ta yi nadamar amsar ba, ko sau ɗari aka tambaye ta haka za ta faɗa. Abin da ya dame ta daban ne. Shekarar korona Innarta ta rasu a Zariya, jirage a tsaye. A waya ta ga an fito da makara. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ita tana nan tana wanke tsofaffin wasu da safar roba a hannu. Ta san yadda kwanaki suke wucewa mutum yana ƙirga su daga nesa, ba abin da zai iya.

Tana yanka albasa ta ajiye wuƙar ta ce, "Malam, tun da ni ba zan yi mata ba, zan kai ta ta yi da hannunta."

Rufa'i ya ɗago. "Matar da aka yi wa aiki a ƙugu? A benen nan?"

"Saura kwana goma sha biyu."

"Maman Affan, tsakaninki da Allah, ina ruwanki da hidimar gumaka?"

"Ba ruwana da su. Da ita nake da ruwa. Shekara hamsin da takwas suna tare da mutumin nan. Hisabinsu na wurin Allah, ba a ba ni shi ba. Abin da aka ba ni tsohuwa ce da ta daina cin abinci."

Ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma kan labaran da yake kallo. Ta san shi. Wannan ba hani ba ne, ba kuma yarda ba ce.

Washegari, tsakanin gidan wani tsoho a Peckham da na wata a Brixton, ta ratse asibitin. Lovelyn ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta lissafa mata sharuɗɗa. Ana iya ba marar lafiya izinin fita na wuni ɗaya, amma sai ta iya tashi daga gado zuwa kujera da taimakon mutum ɗaya, sai ta iya zama na awa huɗu, sai likita ya sa hannu, sai kuma 'yarta ta amince.

Zinatu ta wuce gadon Tomiko, ta jawo kujera ta zauna daidai inda tsohuwar ba za ta iya kauce mata da ido ba.

"Baba, na san kina fushi da ni. Ki yi fushinki. Amma ran Asabar ta sama ce arba'in da tara. In kin ci abinci, kin tashi kin taka, ni zan kai ki gida ranar, ki zuba masa shinkafarsa da kanki."

"Ba za su bar ni ba."

"Wannan aikina ne. Naki ci da tashi."

Ta buɗe kular da ta zo da ita. Kunun shinkafa ne zalla, ba suga ba madara, da ɗan gishiri, irin wanda Tomiko ta koya mata lokacin da Shigeru ya daina iya tauna. Tsohuwar ta daɗe tana kallon tururin. Ta sha cokali huɗu ta ce ruwan ya yi yawa.

"Gobe ki sha takwas, sai in rage."

Haka aka shiga. Kullum Zinatu na zuwa a lokacin hutunta, ta ci nata abincin a tsaye a tashar bas. Ranar farko da aka miƙar da Tomiko tsaye, ta yi ƙara ta kusa suma. Rana ta uku ta yi taku biyu da ƙarfen dogarawa, gumi na tsatssafo mata, tana zagin ƙafar da yarensu. Rana ta biyar jininta ya sauka aka hana ta motsi, Zinatu ta fito ta tsaya a baranda ta share hawaye, ta koma ciki ta ce mata hutu ne aka ba ta, gobe za a rama.

Emi ce ta fi wuya. Sau uku Zinatu na kiranta ba ta ɗaga ba. A na huɗu ta ce ita a ganinta wannan ganganci ne, ta riga ta fara neman gidan kula da tsofaffi a Leeds, kuma mahaifiyarta ta rikice ne kawai.

"Ba ta rikice ba, Emi. Ta san kwana nawa ya rage har da awoyi. In kin ga dama ma ke ki zo ki yi masa, ai mahaifinki ne."

 Da Emi ta sake magana, muryarta ta canza.

"Ban iya ba. Ban san me ake faɗa ba. Ko sunan da ke jikin allon ban iya karantawa. Tun ina ƙarama in ta yi mini yarenmu da Turanci nake amsa mata. In na zo malamin zai gane ban san komai ba."

Zinatu ta tuna Affan ɗinta, wanda in ta ce masa sannu da zuwa sai ya ce mata thanks, Mum. Ta ce, "'Yata, ba jarrabawa za ki zo ba. Ki zo ki zauna kusa da uwarki. Abin da ta yi ki yi."

Emi ta ce za ta yi tunani. Da safe ta aiko wa asibitin amincewarta.

Lambar malamin tana bayan kalandar kicin. Okabe sunansa, dattijo mai sanyin murya da ke zaune a yammacin Landan. Ya ce baƙin allon ya iso daga Japan tun makon jiya, yana ta kiran gidan ba a ɗauka. Zai zo Asabar ƙarfe goma sha ɗaya.

Ran Alhamis Tomiko ta zauna awa huɗu da kwata a kujera. Likita ya sa hannu. Ran Juma'a da la'asar Zinatu ta shigo gida ta zube a kujera ba ta ko cire takalmi ba.

"Motar da na yi booking, mai ɗaukar keken guragu, an yi cancel. Na kira wurare biyar, duk sun cika. Kuma su ne da ma za su hau da ita benen."

Rufa'i ya dube ta. Kwana goma sha ɗaya yana kallon matarsa tana fita da kula tana dawowa ƙafafu a kumbure. Ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Ta ji yana cewa, "Abdul-Rahaman, motarka tana da aiki gobe da safe?"

Abdul-Rahaman mutumin zangon Kumasi ne, ƙato, suna sahu ɗaya a masallaci, yana tuka baƙar tasi irin mai gangaren hawa da keke. Ƙarfe tara da rabi suna ƙofar asibiti. Ya leƙa ya ga Tomiko an naɗe ta da bargo, ya ce da Hausarsu ta zango, "Wannan tsohuwa ba shi da nauyi, hannu ɗaya ma zan ɗauke shi."

Benen ya ƙaryata shi. Matattakalar ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Suka ɗaure Tomiko a kujerar kicin da zannuwa biyu, Rufa'i a sama yana ja da baya, Abdul-Rahaman a ƙasa, Zinatu ta matse a gefe tana riƙe da ƙafar da aka yi wa aiki don kada ta lanƙwashe. A kwanar suka maƙale. Sai da suka sauko taku uku suka karkata kujerar, Rufa'i yana nishi yana bismilla a kowace matattakala. Tomiko ta runtse ido. Emi na tsaye a sama da baƙaƙen kaya, hannu a baki.

Da aka shigar da ita falo aka mayar da ita kan keken guragu, ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi hutu ba. Ta ce a tura ta gaban kabad. Emi ta riga ta dafa shinkafa. Tsohuwar ta ɗebi cokali ɗaya da hannunta ta cika ɗan kwanon tagulla, ta gyara samansa, ta ajiye. Ta zuba ruwa. Ta kunna turare, ta kaɗe wutar da tafin hannu maimakon ta hura. Sannan ta yi wa hoton magana da yarensu, doguwar magana, da muryar da mace ke ba mijinta haƙuri in ta daɗe a unguwa.

Okabe ya iso da baƙar riga mai faɗin hannu, kansa a aske. Ya rusuna wa kowa, har da mazan biyu da ke goge gumi. Su suka sauka suka jira a mota. Zinatu ta duba zaman ƙafar, ta sa matashi, ta ce wa Emi, "Ina kicin in an neme ni," ta ja ƙofa.

Daga can tana jin ƙararrawa, da karatun malamin mai kauri da ba ya hawa ba ya sauka. Ta wanke tukunyar shinkafa. Ta goge murhu duk da ba datti. Can ta ji muryar Tomiko ta shiga karatun, siririya, daga baya kuma wata murya ta uku tana bin su a baya, tana tuntuɓe tana kamowa. Zinatu ta zauna a kan kujera ta yi wa Innarta addu'a, ta yi wa mahaifinta, ta daɗe hannuwanta a buɗe.

Da aka buɗe ƙofa, baƙin allon yana cikin kabad kusa da na magabata, malamin ya naɗe farin a ƙyalle zai tafi da shi. Idanun Emi sun yi ja. Tomiko ta yafito Zinatu.

"Ya isa," ta ce. "Yanzu ba ya kan hanya."

"To madalla, Baba. Ƙafar fa?"

"Tana ciwo kamar me. Kuma ina jin yunwa."

Emi ta yi odar abinci daga wani gidan cin abincin Japan, ta kuma tambaya tun da wuri aka kawo na kifi da ganye zalla saboda baƙin. Aka kira mazan suka hau. Abdul-Rahaman ya gwada tsinken cin abinci sau biyu ya haƙura ya nemi cokali. Rufa'i ya zauna nesa da kabad ɗin, ya ba shi gefe, amma da Tomiko ta sa Emi ta tura ta gabansa ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, sai ya miƙe tsaye ya rasa yadda zai yi, yana ta cewa, "Ba komai, Mama, ba komai."

Ƙarfe huɗu saura suka mayar da ita asibiti. Saukowar ta fi hawan sauƙi. Lovelyn ta duba agogo, ta duba ƙafar, ta ɗaga wa Zinatu babban yatsa.

Tomiko ba ta sake zama a gidan benen ba. Bayan mako biyar aka sallame ta tana tafiya da ƙarfen dogarawa, Emi ta fasa zancen gidan tsofaffi ta gyara mata ɗakin ƙasa a gidanta na Leeds. Zinatu ce ta taya su ɗaure kaya, ban da na falo, waɗanda uwa da 'ya suka naɗe da kansu. Rufa'i kuwa ya yi mako guda yana shafa man zafi a baya, duk wanda ya tambaye shi a masallaci sai ya ce katifa ce. Ran Litinin kamfani ya ba Zinatu sabon gida a Walworth, wani tsohon ɗan dambe ɗan Jamaika da aka ce ya kori masu kula da shi uku a wata ɗaya. Ta karanta takardarsa a cikin bas, ta sauka ta ƙwanƙwasa ƙofa.